Golmo a Lambun Glory

Tun daga bakin layi Glory ta ji warin ɗanyen ganye yana ƙonewa. Ta diro daga kan kabu-kabu kafin ya gama tsayawa, ta bar buhun masarar da ta sayo a Ribah yashe a ƙofa, ta zagaya bayan gida da gudu.

Lambunta babu.

Zogale, yakuwa, kabewar da ta bari ta hau danga yadda take so, ɗaiɗoyar da ƙudan zuma ke wuni a kanta, duk an kwantar da su. Tsibin itatuwan da ta tara don bushiya ta samu mafaka yana ci da wuta. Kaskon ruwan da ta binne wa kwaɗi an tono shi an kife. Amyar da ta rataya a gwaiba kuwa hayaƙi ya kore ƙudan zuman cikinta, ko ɗaya bai saura ba. Ga samari nan tsaye da fartanyu, gumi na zuba, suna murmushin masu jiran a ce musu sannu da aiki. A tsakiyarsu Aaron ne, saurayin da gobe Lahadi za a yi sanarwar aurensa da ita a coci, goye da injin feshi.

"Golmo na zo yi," in ji shi, yana washe baki. "Kin ce 'yan boko mun manta al'ada. To ga shi, na yi wa surukina noma kamar yadda kakanninmu suka yi kafin a ba su mata."

Ta waiga. Mahaifinta Baba Haggai, tsohon soja, yana zaune a inuwa da sandarsa a cinya.

"Ni na nuna masa," ya ce. "Ya tambayi gonar da ta fi ƙarfina, na ce ga ta. Gida ne nan, ɗiyata, ba dajin Wasagu ba. Macizai fa?"

"Wane maciji ka taɓa gani a ciki, Baba?"

"Ai shi ya sa ban taɓa shiga ba."

Ba ta iya yi wa uba tsawa, don haka duk abin da ke tafasa a ƙirjinta ya koma kan Aaron.

"Shi bai taɓa shiga ba. Kai fa? A kan wancan dutsen muke zama kowace yamma! Na nuna maka hawainiya a reshe. Na gaya maka kwaɗin nan su ke cinye min tsutsa, shi ya sa ban taɓa zuba magani ba. Me kake ji lokacin da nake magana?"

Ya sosa ƙeya, ya sassauta murya. "Gaskiya, Glory, ni ke nake kallo."

"Kai, ango ya iya baki!" wani cikin abokan ya faɗa, sauran suka kwashe da dariya.

Da jiya ya faɗi haka, da ta wuni tana juya maganar a zuci kamar alewa a baki. Yau ji ta yi kamar an watsa mata barkono a ido. Ashe duk yammacin nan ita kaɗai take cikin lambun, shi fuska kawai ya zo gani.

A gefen toka wani abu ya motsa. Bushiya ce, ta dunƙule, ƙayoyin bayanta sun babbake. Glory ta durƙusa, ta naɗe ta a gyalenta. Dariyar ta mutu.

"Ka fesa?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ban fara ba tukuna."

"Sauke injin nan. Ka fitar min da shi daga gidan nan." Ta miƙe. "Golmo kake so? Kakanninku shekaru suke yi suna duƙe, ba safiyar Asabar ɗaya da abokai masu surutu ba. Lambun nan ba na Baba ba ne, nawa ne, ni za ka yi wa. Ka binne kaskon nan, ka cika shi da ruwa. Ka dasa duk abin da ka sare, kana faɗa min sunansa. Ni zan je in gaya wa fasto gobe babu sanarwa, sai ranar da ƙudan zuma suka koma amyar can."

Baba Haggai ya dubi fuskar ɗiyarsa, ya gyara riƙon sandarsa.

"In ba su dawo ba fa?" Aaron ya tambaya.

Glory ta gyara riƙon bushiyar a ƙirjinta, ta nufi cikin gida.

"Sai ka san abin da ka ƙona."