Iyatu Ta Sauke Denise Daga Motar Guider

A kasuwar Roumdé Adjia, zana ce kawai ta raba rumfar Iyatu mai atamfa da ta Denise tela. Iyatu jikar fatake ce da suka zo Garoua daga Kano tun da daɗewa. Denise kuwa 'yar kan dutse ce daga wajen Guider, Kirista, mijinta ya rasu, ba ta da kowa a garin sai keken ɗinkinta na hannu.

Shekarar da aka karya darajar sefa, ɗinkin Sallah ya taru wa Denise. Takan wuni zaune a tabarma, ƙafa a naɗe. Ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta ce gajiya ce. Wata safiya ta miƙe za ta ɗauko almakashi, sai numfashi ya sarƙe mata, ta zube.

A asibiti likita ya shaida wa Iyatu cewa jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, wani guntu ya ɓalle ya shiga huhu. Sai an yi ta yi mata allura, daga baya ƙwayoyi na watanni da gwajin jini a kai a kai. Maganin kuma daga waje yake zuwa, farashinsa ya tashi kamar komai.

Iyatu ba ta ko biya ta gida ba. Ta wuce shagon yayanta, Alhaji Mahmudu, wanda ke ajiye mata kuɗin Hajji.

"Yaya, ajiyata na zo karɓa."

Da ya ji dalili sai ya haɗe fuska. "Kujerar Makka za ki zuba a ƙafar arniya? Ina danginta? Ina cocinsu?"

"Sunanta Denise. Lokacin da nake jinyar Inna, ita ta riƙe mini rumfa, ban ga ɗan'uwa ko ɗaya a can ba."

"Bana idan ba ki je ba, ba ki san badi ba."

"Allah ya san inda nake. Ni ba shawara na zo nema ba, Yaya."

Ya miƙa mata kuɗin ba tare da ya dube ta ba.

Magana ta zagaye kasuwa. Wasu suka ce asiri aka yi wa Iyatu, wasu suka ce neman suna ne. Iyatu ta ci gaba da auna yadinta, wadda ta yi mata habaici ta mayar mata nan take. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne zancen zai kai kunnen Denise.

Bayan an sallami Denise daga asibiti ba da jimawa ba, Kaltumi mai goro ta zo wa Iyatu da sauri ta ce ta gan ta a tasha da ƙunshin kaya. Iyatu ta bar rumfa a buɗe, ta tare ɗan babur.

Ta same ta a matse a kujerar baya ta motar Guider, ƙafar a maƙale tsakanin buhuna.

"Sauko."

"Adda Iyatu, useko, don Allah, ki bar ni. Na cinye miki Makka, ba zan cinye miki rumfa ba. A gida akwai mai tsaga, zai fitar da mugun jinin."

"Tsaga? Ke da likita ya ce ƙwayoyin nan suna tsinka jini, ko allurar ɗinki kada ta soke ki? Kafin a tsayar da jinin kin tafi lahira."

Direba ya tayar da mota. Iyatu ta zagaya ta tsaya a gabanta, ta ɗaure gyale a ƙugu. Ya yi ta danna oda, fasinjoji suka hau faɗa.

"Malam, sai dai ka bi ta kaina. Matar nan ba ta da lafiyar zaman mota."

Wani dattijo a ciki ya juya ya ce, "'Yata, ki sauka mana, ko ma samu mu tafi."

Denise ta sauko tana kuka tana ɗingishi. Iyatu ta karɓe ƙunshin. "Kuɗina ne, ni na neme su. Idan kina so ki biya ni, ki warke, ki ba su kunya."

Gidanta ta kai ta. Ta shimfiɗa mata a ɗakinta, tana tasa ta gaba su zaga tsakar gida safe da yamma, ran gwaji kuma ta rufe rumfa su tafi tare. Da kuɗin suka ƙare, ta karyar da manyan atamfofinta. Alhaji Mahmudu ya daina amsa gaisuwarta, ita kuwa kullum sai ta tsaya a ƙofar shagonsa ta gaishe shi da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.

Bayan an gama tsinkar auduga likita ya tsayar da ƙwayoyin. Ƙafar ba ta koma daidai ba, da yamma takan ɗan kumbura. Denise ta sa kafinta ya yi mata dogon tebur, ta koma ɗinki a tsaye don kada ta ƙara wuni da ƙafa a naɗe. Ran da ta dawo kasuwa, kafin azahar har ta fara musu da wata mata a kan tsawon hannun riga. Iyatu tana ji daga rumfarta, ta yi murmushi ta ci gaba da auna yadinta.