Fim ɗin Ƙarshe na Mai Hoton Majalisa

"Wa ya buɗe bayan kyamarar nan?" in ji mai shagon wankin hoto.

Tela ya ce shi ne. A tsakar gida ya buɗe ta da hantsi, har ya ɗaga fim ɗin ga rana don ya ga ko mutane na ciki. Mutumin da ya saba duba yadi a haske, ina zai san akwai abin da haske ke kashewa?

Maƙwabcinsa ne ya aiko shi, tsoho Mai Hoto, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a durƙushe gaban kujerar kakakin majalisa. Babu irin fuskar da bai ɗauka ba: masu rantsuwa, masu gyangyaɗi, masu jifa da kujera. Matarsa ce kawai ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba. Ranar aikinsa ta ƙarshe ta zo kallo, ta zauna a benen baƙi, shi kuwa ya saci ɗauka ɗaya. Fim ɗin ya zauna a kyamara ana ta gobe-gobe har ta rasu. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, abin da yake roƙo kawai ya gan ta.

Takardun suka fito fari fat. Tela ya kamo hanya yana ƙulla ƙarya yana kwancewa, ga tsoron kada ya tarar da kuka a gidan.

Ya sami tsohon da sauran numfashi, 'yarsa na yi masa fifita. Bangon ɗakin duk hotunan 'yan majalisa ne, hannuwa a sama.

"An wanko?"

Tela ya miƙa masa takarda ɗaya. Tsohon ya kai ta dab da ido, ya daɗe yana kallo.

"Haske ya shiga, Tela."

"Ni ne, Baba. Ka yafe mini."

Kamar bai ji ba, ya jawo hannun 'yarsa. "Ga zauren nan. Ga bene. Innarki tana nan, gefen ginshiƙi, ta kare fuska da jaka."

Kafin la'asar ya cika. Da Tela ya zo gyara masa hannu, babban yatsan tsohon na nan a kusurwar sama ta farar takardar, inda ya nuna bene.