Guntun Tiyo

Ina tsugune ina cika ledojin dashe da ƙasa Ofisa ya shigo lambunmu a kan babur, da mataccen ɗan barewa ɗaure a baya. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya kwance gawar, ya ɗora ta a kan barona, ya ce, "Mai lambu, ka san aikin wane ne wannan?"

Na sani mana. Mai aikin yana kwance a baranda, ƙarƙashin kujerar Baba, jini bai gama bushewa a haɓarsa ba.

Ofisa shi ne shugaban masu gadin gandun dajin da ya yi iyaka da lambunmu, shingen waya kawai ya raba mu. Ba mugun mutum ba ne, yakan ma tsaya ya sha ruwa a famfonmu. Amma ranar fuskarsa babu wasa.

"Wannan na biyu ke nan," in ji shi. "Umarni ya zo daga sama, duk karen da aka gani cikin shinge a harbe shi. Na kau da kai sau biyu saboda tsoho. Ka ji ni da kyau, babu na uku."

Tsohon da yake nufi mahaifina ne. Shi ya kafa lambun nan na renon itatuwa tun kafin a haife ni, shi kuma ya tsinci karen yana ɗan kwikwiyo a cikin kwalbati, ya sa masa suna Toka saboda launinsa. A zamanin Baba babu wanda ya taɓa ɗaure Toka. Ko ya yi nisa kamar me, Baba zai yi fito, gajere biyu, dogo ɗaya, sai ka ga kare ya ɓullo daga cikin ciyawa harshe a waje. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi, fito ya bi ta. Abin da ya rage masa hannun dama ne, kuma wuni yake yi da shi a sauke gefen kujera, a kan kan Toka. Matata ce ta fara lura cewa in karen ba ya nan, Baba ba ya buɗe baki ya karɓi abinci.

Ni kuwa ban iya fito ba, ihu na iya. Kuma ina da zuciya, ba sai wani ya gaya mini ba. A jikin bangon famfo akwai ƙusa, a kanta nake rataye wani guntun tiyo kore, tsawon hannu, wanda nake sa wa a bakin famfo in zan cika butocin ban ruwa. Duk ranar da Toka ya bi zomo ko zabo, na yi ta kira har muryata ta dushe, in ya dawo da tiyon nan nake tarbarsa. Ba ya gudu, ba ya cizo. Kwanciya yake yi, ciki a ƙasa, haɓa a ƙasa, kunnuwa a lafe, ya jira in gama.

Ranar, bayan tafiyar Ofisa, na janyo shi daga ƙarƙashin kujera na yi masa dukan da ban taɓa yi ba. Abin da ya tsayar da ni wani sauti ne da ya fito daga maƙogwaron Baba. Na juya na ga yana dukan hannun kujera da tafinsa. Kunya ta kama ni, kuma da yake kunya ba ta yi mini daɗi, sai na huce a kan matata da ba ta yi mini komai ba.

Washegari Toka yana ɗingishi, dole na kai shi asibitin dabbobi. Likitar wata mace ce gajera mai tabarau, ta fi ƙarfin a yi mata ƙarya. Ta shafa bayansa, ta ga shatar tiyo, ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe kake dukansa?"

"In ya dawo daga ta'adinsa, Likita."

"In ya dawo," ta maimaita. "To, Malam, me ka koya masa ke nan?"

"Cewa bin barewa laifi ne."

"Barewa ta wuce tun awa biyu, ya manta da ita. Abin da ya sani shi ne ya zo wurinka, ka zane shi. Kai in duk ranar da ka dawo gida ana tarbarka da bulala, sauri za ka riƙa yi?"

Na so in yi musu, ba ta saurare ni ba. Ta ɗauki takarda ta rubuta mini abin yi kamar mai rubuta magani. In sayi doguwar igiya, kada in sake shi sai da ita. In bar kiran sunansa da ihu, tunda sunan ya riga ya ɓaci a kunnensa, in nemo sabon kira. Duk lokacin da ya zo, ko da ya ɓata rabin wuni, in ba shi abin da ya fi so. In fara a baranda inda babu abin da zai ɗauke masa hankali, sannan in riƙa matsawa kusa da shinge.

"Abin da kake dukansa da shi kuma," ta ce, "ka jefar yau ɗin nan. Kada ya ƙara ganinsa a hannunka."

Na ce to. Na sayi igiya, na sayi usur, na biya wurin mahauci na sayi hanta. Tiyon dai ban jefar ba. Wanda ya girma a lambun dashe ba ya jefar da komai. Tsohuwar leda muna wankewa, fasasshen bokiti muna shuka a ciki. Kuma guntun nan ya zauna wa bakin famfonmu daram, na gwada wasu biyu suna yoyo. Na dai cire shi daga ƙusa na ɓoye bayan duro, ba na ɗauko shi sai Toka yana baranda.

"Ba cewa aka yi ka jefar ba?" in ji matata.

"Ai na daina dukan. Tiyo ne ya yi laifi ko ni?"

"Oho. Ni dai na ga ana soya wa kare hanta, mu kuma ana barinmu da ƙamshi."

Da usur ɗin na kwaikwayi kiran Baba, gajere biyu, dogo ɗaya. Ranar da na fara busawa, Toka ya ɗaga kai ya dubi Baba, ba ni ba. Baba kuwa hawaye ya gangaro masa ta idon da ba ya rufuwa sosai. Matata ta goge masa da gefen zaninta, ta ce, "Baba, ka ji an sace maka waƙa."

Makon farko wahala na sha. In na busa, Toka zai taso a karkace, wutsiya a tsakanin ƙafafu, ya tsaya taku biyar daga inda nake, idonsa a kan hannuna. Fuskata ba ta dame shi ba, hannu yake kallo. Sai na tsugunna, na juya masa gefe, na buɗe tafukan biyu ya gan su wayam, sannan ya matso ya fizgi hantar ya ja baya. Ni da nake da ma'aikata a ƙarƙashina, ga ni durƙushe tsakanin layukan dashe ina lallashin kare. Direbobin da ke zuwa ɗaukar kaya suka samu abin dariya. Sau da yawa zuciyata takan taso har wuya, in haɗiye ta, in sake busawa.

A mako na uku ya fara cin hanta a tafina. A na huɗu ya bar ni na shafa kansa yana ci. A na biyar muna can ƙarshen lambu da doguwar igiya, sai zomo ya tashi daga gindin tarin taki. Toka ya zabura. Na busa. Ya ci birki har ƙura ta tashi, ya tsaya jikinsa na rawa, ya dubi zomon, ya dube ni, ya juyo. Igiyar ko miƙewa ba ta yi ba. Na juye masa duk abin da ke cikin aljihuna, na rungume wuyansa, ban damu da wanda ya gani ba. Tun da Baba ya kwanta ban yi farin ciki irin na ranar ba.

Daga nan na fara sakinsa da safe, usur a wuyana. Shinge kam kullum ina bi ina toshewa, amma dabbobin dawa suna tona ta ƙasa, in na cike rami yau, gobe wani ya buɗe. Ga shi ruwa ya ɗauke a daji, bareyi suka riƙa matsowa inda ruwan lambunmu ke tsiyaya yana tsirar da ɗanyar ciyawa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Na leƙa na ga Toka a ƙarƙashin kujera, na ɗauko tiyo na sa a famfo ina cika butoci. Ruwa ya zo da ƙarfi ya tunkuɗe shi, na cafke shi ina ƙoƙarin mayarwa. Sai na ji matata ta ƙwala ihu daga wajen shanya.

"Maigida! Toka ya shiga daji!"

Na ruga. Ta tsakanin ragar rumfar da muke wa ƙananan dashe inuwa na hango shi can cikin gandu, ya miƙe kamar kibiya a bayan barewa uku. Na sa usur a baki da hannun hagu na busa da iyakar numfashina.

Ya tsaya. Wallahi ya tsaya. Bareyin na gabansa, bai fi taku goma tsakaninsu ba, ya bar su ya juyo. Ya taho a guje, kunnuwa na kaɗawa, ya nufi ramin da ya bi ya shiga. Na fito daga ƙarshen rumfa ina dariya, ina haki, saura kamar taku hamsin in kai shinge. Ya iso bakin ramin, ya sunkuyar da kai zai ratso, sai ya ɗago ya hango ni.

Ya ja baya. Ya kwanta a cikin ciyawa, ciki a ƙasa, haɓa a ƙasa, kunnuwa a lafe.

"Zo! Toka, zo mana!" Ina yafito shi da hannu, ina ƙara ɗaga hannun sama don ya gani. Yana ƙara lafewa. Na kasa gane abin da ya same shi. Sai na ji ƙarar babur ta mutu a kan tudun da ke gefen dama, inda hanyar masu gadi ta bi. Na buɗe baki zan yi ihu, bindiga ta riga ni.

Harbi ɗaya ne. Toka bai ko yi kuka ba, ƙafarsa ta baya ce ta shura sau biyu.

Ofisa ya gangaro da ƙafa, bindiga a rataye. Da ya gan ni a jikin waya sai ya tsaya turus, don rumfa ta ɓoye ni, bai san ina wurin ba.

"Mai lambu, na gaya maka. Ga shi nan ya laɓe a ciyawa yana jiran su dawo."

"Ba laɓewa ya yi ba!" Muryata ta fashe. "Kiransa na yi, ya ji, ya baro su. Dawowa yake yi!"

"To me ya hana shi fitowa? Ga rami a gabansa."

Bai jira amsa ba, idonsa ya sauka a kan hannuna na dama. Na bi idonsa. Guntun tiyo ne, kore, ruwa na ɗiga daga bakinsa. Tun daga famfo yake hannuna, da shi na yi ta yafito karen.

Ofisa ya taya ni janyo gawar ta ƙarƙashin waya, ya ce in yi haƙuri. Na kawo baro na ɗauke shi, na bi ta bayan rumfa don kada a hango daga baranda, na haƙa rami bayan tarin taki. Na jefa tiyon a ciki, sai na ga bai kamata su kwanta wuri ɗaya ba, na sake shiga na ciro shi na wurga bayan katanga. Ban taɓa tsanar wani mutum kamar yadda na tsani kaina a bakin ramin nan ba.

Da na dawo baranda rana ta take. Matata na durƙushe gaban Baba da kwano da cokali, idonta jawur, ta girgiza mini kai. Bai karɓi ko loma ɗaya ba. Ko ya ji ƙarar bindigar, ko ya gane ta mece ce, ban sani ba. Hannunsa na dama na lilo gefen kujera yana laluben iska.

Na tsugunna a gabansa. "Baba," na ce.

Ya tattara leɓɓansa da ƙyar, ya hura. Iska ce kawai ta fito, da ɗan yawu, amma na ji tsarin: gajere biyu, dogo ɗaya. Ya sake gwadawa, bai samu ba. Sai ya ɗago hannun ya kama igiyar usur ɗin da ke wuyana, ya ja ta, ya tura mini shi wajen baki. Matata ta ajiye kwanon ta shige ɗaki.

Na busa. Baba ya sake ni, ya juya kansa wajen hanyar da ta ratsa lambu, ya sauke hannunsa gefen kujera, ya buɗe tafin yana jira.