Kan da Inna Ta Sani

Auta ta kwance ƙullin hankicin a kan kantar shagon, ta tura shi gaban matar da ke sayar da hulunan gashi. Gashin da ke ciki bai cika tafin hannu ba.

"Irin wannan nake nema," ta ce. "Ba don ado ba. So nake in an shafa a ji kamar shi ne."

Mai shagon, wata doguwar mace da tabarau a ƙarshen hanci, ta ɗauki gashin ta murza da yatsu biyu. Ta ja shi, ta sake, ya koma ya naɗe. Sai ta dubi ɗankwalin da Auta ta ja har goshi, ta dubi inda gira ya kamata ta kasance. Ba ta yi tambaya ba.

"'Yar uwa, kin zo da aiki," ta ce, tana nuna kawunan roba da ke jere a bango. "Ga mai tsauri, maƙiyin mataji. Ga mai santsi da ke zubowa kafaɗa. Ga mai manyan lanƙwasa. Kowanne ina da shi kala-kala. Amma naki? Naɗinsa ƙanana, laushinsa kuwa na jinjiri. Na rantse ko kitso ba ya riƙewa."

"Kwana biyu ya warware."

"Kin gani! Shekara ashirin ina taɓa kan mutane, sau biyu na gamu da irinsa. Wa zai ƙera abin da ba mai nema?"

Auta ta san da haka. Tun tana yarinya masu kitso ke tsaki in sun gan ta. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa gajiya da wannan gashi ba: Inna, mahaifiyarta. Yanzu Inna ta makance, tsufa kuma ya kwashe mata sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗanta, Yayan Auta, wanda take zaune a gidansa, "bawan Allah" take kiransa. Murya ma ta daina yi mata amfani. Sai in Auta ta durƙusa ta zame ɗankwali, hannun tsohuwar ya nutse cikin gashin, sannan fuskarta ta washe ta ce, "Auta ce." Duk duniya wannan ƙofar ce kaɗai ta rage a buɗe tsakaninsu.

Sai ga ciwon daji ya kama Auta, ga maganin da ake ɗura mata a asibiti ya zubar mata da gashi. Mako bakwai ke nan ba ta taka gidan Yaya ba, don tsoro. Da safen nan matar Yaya ta kira ta a waya: Inna ta ƙi cin abinci kwana biyu, Auta kawai take kira.

"Ina sauran?" mai shagon ta tambaya. "Da kin aske shi tun kafin ya fara zuba kin kawo mini, da na ɗinka miki hula da naki na kanki."

Auta ta dubi ɗan gashin da ya rage mata. Kullum da safe takan tattare shi daga matashin kai, ta zuba a shara da sauri kamar mai ɓoye abin kunya, tana cewa gobe zai daina. Da-na-sani ƙeya ce.

Mai shagon ta sauko da hular da ta fi kama da gashin, ta daidaita mata a kai da hannu mai taushi. "Da babu gara ba daɗi," ta ce. "Allah ya ba ki lafiya."

A cikin bas hular ta yi ta yi mata ƙaiƙayi, zufa na bin bayan kunnenta.

Ta sami Inna a gefen gado, ta rame, kwanon abinci a rufe kusa da ƙafarta. Matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ga Auta ta zo," ta ce.

"Haka kuka ce jiya," tsohuwar ta ce. "Kawo kan."

Auta ta durƙusa. Yatsun suka sauka, suka shiga, suka murza sau ɗaya. Suka janye.

"Baiwar Allah, me na yi miki za ki yi mini wasa da hankali? Wannan ai zare ne. Ku kira mini 'yata."

"Inna, ni ce. Wallahi ni ce."

"Tashi ki ba ni wuri."

Matar Yaya ta juya fuska tana share ido da gefen zani. Auta ba ta tashi ba. Ta fizge hular ta yar a ƙasa, ta kifa kanta a cinyar uwarta, ta saki kukan da ta riƙe mako bakwai. Ta daina neman a gane ta. Wurin kuka kawai take so.

Hannun ya zo don ya ture ta, sai ya tsaya a kan fatar. Ya shafa daga goshi zuwa ƙeya, a hankali, ya dawo. Ya sake shafawa.

"Kai, wannan yarinya," Inna ta ce, muryarta ta sauya, ta koma ta mai jego. "Shekara guda da haihuwarki, har yau kai tal kamar ƙwarya. Mutane sai surutu suke yi mini." Ta jawo kan ta manna a cikinta, tana jijjiga shi. "Yi shiru, Auta. Rabu da su. Zai fito, ni na san zai fito."

Ko likita bai yi mata wannan alkawari ba. Auta ta lumshe ido.

"To, Inna," ta ce. Ta miƙa hannu ta jawo kwanon abincin.