Baikon Tarwadar Wilfred

Ni dai ban taɓa ɗaukar Wilfred a bakin komai ba, kuma ban ɓoye ba. Mijina Ernest ya yi shekara da shekaru yana jefa ƙugiya a dam ɗin da ke bayan gonakin Kakau, ya wuni rana na gasa shi, ya dawo da 'yan tarwada da karfasa abin da ba a rasa ba. Shi kuwa Wilfred ɗin, da aka sallamo daga wani kamfani a Kudenda, ko tana bai iya soka wa ƙugiya ba, sai ga shi dare ɗaya ya zama sarkin ruwa. Wai albarka ce. Albarkar me? Kowa ya san maganin feshin gona yake tuttula wa ruwan, kifi ya taso ciki sama, ya bi da kwando yana kwasa, ya kai wa waɗanda ba su san shi ba a cikin gari.

Ranar bikin godiyar girbi a cocinmu ni ce kan girki a zumuntar mata. Muna hura wuta sai ga Wilfred ya sha shadda, an sauko masa da ƙaton baho daga keke. Wai baiko ya kawo, wato sadakar godiya ga Ubangiji, a yi wa yaran coci farfesu. Dattawa suka hau yabo, Baba Nicholas har da ɗaga hannu yana sa albarka.

Na leƙa bahon. Tarwada fa, kifin da zai kwana a bokiti ba ruwa, gari ya waye yana bugun wutsiya. Waɗannan duk sun yi laƙwas, ciki a kumbure, har da 'yan mitsi-mitsin da ƙugiya ba ta kamawa. Warin kuwa sak shagon maganin feshi.

Na ja Baba Nicholas gefe na ce ba zan ba yara wannan ba. Ya ce hassada ce ke cina saboda Ernest, kuma ba a mayar da baiko a gidan Ubangiji. Ka ji fa, dattijo da furfurarsa! Matan kuma kowace ta sunkuyar da kai kan albasarta. Yara sun riga sun fara layi da kwanoninsu na roba, nawa biyu na ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce to, shi ke nan. Na zaɓi mafi girma ita kaɗai, na wanke ta da ruwan zafi, na dafa ta da yaji da citta, na zuba a kwanon baƙi. Na ɗauka da kaina na dire gaban Wilfred a teburin manya, ƙarƙashin rumfa.

"Mai baiko shi ke fara ɗanɗanawa," na ce. "Bismilla, Oga Wilfred."

Ya ce azumi yake, alhali ga kwalbar lemon da ya sha rabi a gabansa. Da ya ga idona a kanta sai ya koma wai olsa ce, likita ya hana shi yaji. Na ce ba damuwa, bari in tsame masa tsokar ban da romo. Zufa ta fara jiƙa wuyan shaddar.

Ana haka sai 'yarsa Diana, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta baro layi ta zo ta jingina da ƙafarsa. Ta ga kifi gaban babanta, ta miƙa hannu ta ɓalli tsoka. Bai san lokacin da ya buge hannun ba. Kwanon ya kife a ƙasa, ya damƙi haɓarta yana cusa yatsa a bakinta.

"Kin ci? Tofar, na ce ki tofar!"

Kukan yarinyar ya cika rumfar. Baba Nicholas ya sauke kai yana kallon takalminsa.

"Kwantar da hankalinka, taka ba ta ci ba," na ce wa Wilfred. "Ai namu ka kawo wa."

Na koma madafa na sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne sauran, don kada karnuka su tono. Yara suka ci shinkafa da miya zalla.