Gahawar Goggo Hasiba

Tun kafin mu fita yawon gaisuwa ranar Ƙaramar Sallah, ƙanwata Enisa ta tsare ni a kicin ta sa na rantse. Ciki gare ta, ƙarami, kuma ban da ni da mijinta Mensur da likitarta babu wanda ya sani. Biyu sun zube mata a baya. Na ƙarshen sai da duk unguwa ta gama taya ta murna, har an fara saƙa 'yan safuna, sannan aka dawo ana yi mata jaje. Shi ya sa wannan karon ta ɗinke bakinta, ta haɗa da nawa.

"Yaya Zumreta, yau ko ɗigon gahawa ba zan sha ba."

"Likitarki ta ce finjali ɗaya ko biyu a yini ba komai. Ina zaune ta faɗa."

"Ta dai faɗa. Ba ita za ta kwanta a gadon asibiti ba."

Na san abin da ke cinta. Enisa a da mashayiyar gahawa ce ta gaske, 'yar butarta ba ta sauka daga kan wuta, kuma ta sa wa ranta cewa da hannunta ta kashe 'ya'yanta. Likita ta ce mata ba haka ba ne, mijinta ya ce, ni ma na ce har na gaji. Tana jin mu ne kawai.

To amma a garinmu Travnik wa ya isa ya shiga gidan mutane ranar Sallah ya ƙi gahawa? Matar aure matashiya in ta ture finjali, ko dai fushi take da masu gidan, ko kuwa tana da ciki, kuma kafin ta gama sa takalminta labari ya riga ta isa gida na gaba. Babbar damuwar ma ita ce gidan ƙarshe, gidan Goggo Hasiba, yayar babanmu. Lokacin auren Enisa, maimakon Baba ya taka ya je gidanta da ƙunshin gahawa da sukari ya gayyace ta kamar yadda al'adarmu ta tanada, sai ya kira ta a waya. Ba ta zo bikin ba, ba ta kuma ƙara shan gahawa da kowa daga gidanmu ba. Yanzu Baba na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kullum sunanta ne a bakinsa. Ana gab da Sallah ta aiko da saƙo: amaryar da aka yi rigimar a kanta ta zo ta sha gahawa a gidanta, sannan ita ma za ta zo ta duba ƙanenta.

Ni na kawo dabara, kuma a lokacin gani nake babu mai wayona. Za mu riƙa zama kusa da juna. Enisa ta kai finjali baki ta ajiye kusa da nawa, ni kuma in shanye nawa, in musanya, in shanye nata.

A gidan Inna Mirsada, ƙanwar mamarmu, abin ya tafi sumul. Sai dai mun manta abin da ko yaron goye ya sani a garin nan: finjali ba ya zama babu komai a gaban baƙo.

"Kai, Enisa tana nan da halinta," in ji Inna, tana ɗaga buta. "Kafin a gama zubawa ta shanye. Miƙo, 'yata."

Ta cika mata, ta cika mini. Na shanye duka biyun, ta sake cikawa. Enisa na ta murmushi tana gutsurar baklawa, kayan zaƙin da ake ba baƙi da Sallah, ni kuwa ina aikin gayya.

Haka muka yi ta yi gida bayan gida, muna hawa tudu muna gangarowa. Wajen azahar na daina ƙirga. Zuciyata ta fara bugu kamar ana daka, tafin hannuna ya jiƙe, ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya a ƙarƙashin tebur. Bakina kuma ya ɓalle. Na ba wata tsohuwa labarin tiyatar da aka yi wa maƙwabcinmu tun daga farko har ƙarshe, ba ta tambaye ni ba, ba ta ma san shi ba.

A gidan Ajla, 'yar kawunmu, na ga alamar sauƙi. Ita 'yar zamani ce, ta dafa wa yaranta madarar cakulan mai kauri, ta ce ko akwai mai so. Na yi wuf na ce Enisa na so. Aka kawo mata a babban kofi, na yi ajiyar zuciya, sai na ji gwiwar hannu a haƙarƙarina.

"Shi ma akwai sinadarin da ke cikin gahawa," Enisa ta raɗa mini.

"Ɗan mitsitsi ne. Sai kin sha bokiti kafin ya kai finjali biyu."

"Akwai dai."

Na shanye cakulan ɗin ma, a kan gahawa, a kan baklawa. Da muka fito titi na sauke mata kwandon masifa.

"Ke yanzu so kike ki haihu lafiya ki binne ni? Dubi hannuna. Dubi. Ko maɓallin rigata ba zan iya sawa ba."

"Ke kika kawo dabarar."

"Na kawo, ban ce har da abincin yara ba. Enisa, finjali ɗaya tak, a gidan Goggo. Saboda Baba."

Ta tsaya ta jingina da katangar wani gida, fuskarta fayau. "Yaya, in na sha, gobe na ga jini, me zan ce wa kaina?"

Haushinta nake ji kamar in shaƙe ta, ga kuma tausayinta. Na ja hannunta muka ci gaba da hawa, ina gaba tana ta cewa in rage sauri.

Goggo Hasiba ita kaɗai ce a gidanta na can saman tudu. Ta buɗe ƙofa, muka sumbaci hannunta, ta amsa gaisuwar Sallah a taƙaice, ba ta tambayi Baba ba. Ta zaunar da mu a ɗan ƙaramin ɗakinta, ta ɗauko abin niƙanta na tagulla ta ɗora a cinya ta fara juyawa. Goggo ba ta sayen niƙaƙƙiyar gahawa, da kanta take soyawa ta niƙa. Ƙarar niƙan nan ta riƙa shiga mini har cikin haƙori. Na fara ba ta labarin farashin wutar lantarki.

"Zumreta," in ji ta, "wani abu ne ke cizonki a kujerar?"

"A'a, Goggo."

"To zauna."

Da ta shigo da tire sai gabana ya faɗi. Finjali uku ne, biyu farare irin na kowa, ɗaya kuwa mai bakin zinariya, tsoho, wanda ban taɓa ganin an fito da shi daga kabad ba. Ta ajiye shi gaban Enisa da hannunta, ta zuba a hankali har kumfa ta hau.

"Na kakarku ne. Shi na yi niyyar kai miki ranar bikinki."

Ta zauna daidai saitinmu ta zuba mana ido. Enisa ta ɗaga finjalin, ta taɓa shi da leɓe, ta ajiye. Na kwankwaɗe nawa. Agogon bango na ta aikinsa, ƙafata na ta nata. Can Goggo ta lura babu sukari a tire, ta yi tsaki ta miƙe ta nufi kicin.

Mai hankali da ya san finjali fari ba ya zama mai bakin zinariya, ya haƙura da dabarar. Amma ni a lokacin gahawar rabin gari ce ke tunani a madadina. Na kai hannu na ɗauki na Enisa don in juye a nawa. Hannuna na rawa, finjalin ya daki gefen tire ya yi ƙara, gahawa ta ɗiga a kan farin mayafin tebur. Na ɗaga kai, Goggo na tsaye bakin ƙofa da kwanon sukari.

"Ajiye."

Na ajiye.

Ba ta ɗaga murya ba. "Ubanku ya gayyace ni ta waya, 'yarsa kuma ta zo shan gahawata da bakin aro. Ai da kun yi zamanku. Ba guba na zuba ba."

"Goggo, ba haka ba ne, wallahi…"

"To yaya ne?"

Maganar na nan a kan harshena, kalma uku ta ishe ni in gyara komai. Na dubi Enisa, ta girgiza mini kai kaɗan. Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Goggo ta sunkuya ta fara tattara kayan tire, kuma duk mu ukun mun san in tiren nan ya koma kicin, Baba zai mutu bai ga yayarsa ba.

"Zan sha, Goggo," in ji Enisa.

Ta ɗauki finjalin da hannun dama. Ya kai rabin hanya ya tsaya. Hawaye suka fara zubo mata ba sauti, hannunta na hagu kuma ya sauka kan mararta, ita kanta ba ta san ya je ba. Goggo ta dubi hannun, ta daɗe tana dubansa. Sai ta saki tiren ta zauna.

"Na nawa ne wannan?"

"Na uku," in ji Enisa da ƙyar. "Biyun farko ni ce. Kullum ina cikin shanta, safe da yamma, ban…"

"Rufe mini baki." Goggo ta goge hannunta da gefen siket. "Ni uku na rasa, a gidan nan, lokacin yaƙi. Ko ubanku bai sani ba. Kin san abin da muke sha a shekarun nan? Sha'ir muke soyawa mu daka, mu zuba a finjali mu yaudari kanmu. Gahawa ko ƙamshinta ban ji ba. Suka tafi abinsu, ɗaya bayan ɗaya. Ni sai na ce bokitin ruwan da nake haurowa da shi tudun nan ne. Na yi shekara da shekaru ina tsinar bokiti."

Enisa ta zuba mata ido. "Ko ɗigo ba ki sha ba?"

"Ina zan samu? Mace sai ta nemo abin da za ta ɗora wa laifi, in ba ta samu ba ta ɗora wa kanta. Me likitarki ta ce?"

"Ta ce kaɗan ba komai."

"To ki ji maganarta. In kuma ranki bai kwanta ba, ki bari, ni na yafe finjalin."

Enisa ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai sauti, irin wanda ko a asibiti ba ta yi ba. Ni ma na taya ta, ina kuka ƙafata na rawa. Da ta ɗago ta share fuska, ta ɗauki finjalin kakarmu, wanda ya riga ya huce, ta kurɓa sau ɗaya ta haɗiye. Goggo ta karɓa ta shanye ragowar a tsaye.

Ta zare mayafinta daga jikin ƙusa, ta naɗe abin niƙan da ƙunshin gahawa a tsumma ta cusa a jaka.

"Uban naku, Fikret, yana iya riƙe finjali, ko sai an ba shi a baki?"

"Sai an ba shi," na ce. "Ni nake ba shi."

Ta dubi hannuna sama da ƙasa.

"Da wannan hannun? Ki ƙona mini ƙane? Ku tashi mu je, ni zan ba shi."