Ruwan Zafin Kawu Heber

Mariela Techera na kwance a ƙasan bas mai lamba sha huɗu, kanta cikin akwatin wayoyi, sai ga takalman Don Yamandú sun tsaya daidai kunnenta.

"To, injiniya, an kama aljanin?"

"Da saura, Maigida."

"Da saura! Tun Litinin nake cin da saura, har na ƙoshi."

Sau uku a mako guda wannan bas mai lantarki tana mutuwa a hawan tudun Cerro, cike da fasinja. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai dai ta saki ƙarfi ta lallaɓa gefen titi ta tsaya. In an jawo ta gareji kuma, lafiyarta ƙalau kamar ba ita ba. Don Yamandú, shugaban garejin, ya yi shekara talatin yana gyaran motocin gas kafin a kawo waɗannan, kuma a wajensa motar da ba ta da ciwo a gareji direbanta ne mai ciwon. Direban kuwa Heber ne, ƙanin mahaifiyar Mariela, saura shekara biyu ya yi ritaya. Takardar sallamarsa na cikin aljihun Maigida, an ce ƙarfe sha biyun rana za a miƙa masa.

Don Yamandú ya gyara fulas ɗinsa a hammata, ya zuƙi mate, shayin ganyen ƙasarsu, a ɗan ƙoƙonsa. "Ko dai ki tsinke wannan ɗan munafukin da ke kashe ta, kowa ya huta."

Mariela ta fito da kai. "Mai gadin? Maigida, shi ke duba ƙaramar wutar da ke buɗe wa babbar ƙofa. In ta yi ƙasa da volt sha takwas, ƙofar ba ta buɗe ba, ba ta rufe ba, sai ta ɗauki zafi. Shi ya sa yake kashe komai. In na tsinke shi, wata rana gobara za mu kwasa da mutum arba'in a ciki."

"To me ke jan wutar ƙasa?"

"Shi nake nema. A bar ni mu hau tudun da Kawu, mitar awon wuta a hannuna."

Ya duba agogo. "Da ni za a je. Ba a yi mini haɗin baki na 'yan gida ɗaya."

Wallahi maganar ta yi mata ciwo, amma ta haɗiye.

Heber ya yi tuƙi kamar mai jarrabawar lasin, hannu biyu a kan sitiyari, gumi na bin wuyansa duk da sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasarsu. Mariela na tsugune bayansa, idonta a kan mita. Ashirin da huɗu. Suka hau har ƙoli, suka sauko. Ashirin da huɗu, ko gezau. Suka sake hawa, haka. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ta gota.

"Kin gani?" in ji Don Yamandú. "Da ido a kansa ya iya tuƙi." Ya tuntsura fulas, ɗigo biyu suka fito. "Kai, Heber, ɗora mana ruwa, mu yi na ƙarshe mu tafi."

Heber ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerarsa ba tare da ya duba ba, kamar yadda yake yi kullum a gindin tudun, ya danna wani abu. Mita ta faɗo ashirin.

"Kawu! Me ka taɓa?"

"Butar ruwan zafi ce, 'yata. Ta mate."

"Kar ka kashe. Taka ta, hau!"

Bas ta ɗauki hawa. Sha tara. Sha takwas. Sha bakwai. A daidai shagon mai burodi, inda ta mutu sau uku, ta saki ƙarfi ta tsaya.

Mariela ta zauna dirshan a ƙasa, ta fashe da dariya har da hawaye. Kwana huɗu tana zargin mai gadin, ashe bawan Allah aikinsa yake yi tsakani da Allah. Ta jawo butar, ta bi wayarta da yatsa ta bayan allon direba. Ba ta tafi soket ba. An fere wayar da ke ciyar da ƙwaƙwalwar injin, an ɗaura ta a kai, an naɗe da jan salatif tsaf-tsaf, an ƙulle bakinsa da zaren kamun kifi.

"Wane gwanin ne ya yi wannan ɗanyen aiki?" ta ce, tana ɗaga wayar.

Heber ya kafa wa titi ido.

Duk garejin mutum ɗaya ne ke ƙulle salatif da zaren kamun kifi, kuma sai da maganar ta fita daga bakinta ta tuna cewa Maigida ne. Don Yamandú ya sunkuyo, ya daɗe yana kallon ƙullin.

"Soket ɗin Heber ya mutu wancan makon," ya ce a hankali. "Ga sanyi. A motar gas ko'ina ka ja wuta, wuta ce." Ya juya ga direban. "Kai kuma da ka bari na kore ka ba ka faɗa ba?"

"Ni ban san ita ce ba, Maigida. Kuma alheri ka yi mini."

Don Yamandú ya zaro takardar daga aljihu, ya ninke ta huɗu, ya goge jiɓin da ke gindin butar da ita, ya jefa a kwandon shara. Ruwan bai gama zafi ba, amma ya tsiyaya a ƙoƙon. Shekara uku Mariela na aiki a ƙarƙashinsa, mate ɗinsa na zagaya makanikai yana tsallake ta.

Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Sha, injiniya. In kin gama, akwai irin wannan ƙullin a bas lamba shida da lamba tara."